Horo Da Ziyara: Jawabi Ga Fastoci Da Dattawan Ikilisiya A Gure



Maganar da ta tara mu yau ita ce maganar horo. Tun da mishan na SIM suka sauka Damagaram a 1924, daga baya kuma Tsibiri kusa da Maradi, muka gaji wata hanya daga gare su. In Kirista ya yi zina, ko ya sha giya, ko ya ƙara mata ta biyu, sai a sanar a gaban jama'a, a hana shi Jibin Ubangiji, ya koma bencin baya har wasu watanni. Ba mu ce a yar da wannan ba. Matiyu sura 18 ta umarce mu mu tsauta wa mai laifi. Amma ku duba yadda ta jera abin: da fari kai da shi kaɗai, sa'an nan da shaida ɗaya ko biyu, a ƙarshe ne ake kai wa ikilisiya. Mu kuwa sau da yawa daga ƙarshen muke farawa.

Gure ba Jos ba ce. A can, in an hori mutum, yana da dangi Kirista da za su riƙe shi. A nan mu kaɗan ne ƙwarai. Wanda ya tuba daga gidan da ba na Kirista ba, ikilisiya ce uwarsa, ita ce ubansa. In muka sa shi baya, muka kuma daina taka ƙofarsa, to, ba horo muka yi ba, kora muka yi.

Mun yi haka da wani saurayi, ba za mu faɗi sunansa ba. Laifinsa gaskiya ne, bai musa ba. Aka ba shi wata shida. Cikin wata shidan nan ko ɗayanmu bai je ya gaishe shi ba, har da lokacin da ɗansa ya kwanta da zazzaɓi. Da lokaci ya cika muka aika a kira shi, aka ce ya tafi Difa. Bai komo ba har yau. Kunyar wannan a kanmu take.

Ku tuna da Janairun 2015, sa'ad da aka ƙone majami'u a Damagaram da nan Gure da Yamai. Ranar ba wanda ya tambayi waye ke bencin gaba, waye ke na baya. Tare muka ɓuya, tare muka share toka.

Bulus ma, a 2 Korantiyawa sura 2, ya ce wa ikilisiyar ta gafarta wa wanda ta hora, kada baƙin ciki ya sha kansa.

Don haka muna roƙon abu biyu. Kada a ƙara sanar da laifin kowa a sujada sai fasto ya zauna da shi tukuna. Duk wanda aka hora kuma, a naɗa masa dattijo guda da sunansa, wanda zai riƙa zuwa gidansa kowane mako, ya kawo labari a taron dattawa. Mata kuma a ba Zumuntar Mata wannan aiki. Sakatare zai rubuta sunayen kafin mu tashi.