MOTSA JIKI GA YARA MASU LALURAR OTIZIM

Shugaban wannan taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai.

Maganata a yau a kan wasu yara ce da muke kullewa a gida saboda kunya, wato masu lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Yaro ne da za ka ga ba ya haɗa ido da mutane, bakinsa ya yi jinkirin buɗewa, yana maimaita abu guda, kuma hayaniya tana firgita shi. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, shi ne ya bayyana ta a 1943, bayan ya nazarci yara 11. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro ɗaya cikin 100 yana da ita. Ba aikin aljanu ba ne, ba kuma laifin uwa ba.

Kullen nan shi ke raunana zuciyar yaro da huhunsa, ya tara ƙiba, ya gaji da ɗan tafiya kaɗan. Wasu magungunan da ake ba su ma suna ƙara ƙiba. Ita kuwa zuciya tsoka ce. In aka sa ta aiki sai ta ƙara ƙarfi, ta tura jini mai yawa a kowane bugu. Shawarar da hukumar ta bayar a 2020 ita ce yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su sami kimanin minti 60 na motsa jiki kowace rana, har da masu naƙasa. An kuma lura cewa gudu, hawan keke da tafiya da sauri suna rage maimaita motsin nan, su kyautata barci.

To, yaya za a yi? A fara da minti 10, da sanyin safiya, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, domin ba sa son sauyi. A ajiye usur da tsawa. A nuna wa yaro da jiki maimakon doguwar magana. In yana da farfaɗiya, a fara tuntuɓar likita. Kada a bar shi kusa da kududdufi shi kaɗai.

Roƙona ga wannan ƙungiya shi ne mu nemi izinin shugaban makaranta a buɗe musu filin wasanmu kowace Asabar da safe, mu kuma mu riƙa zuwa bi da bi muna taya iyayensu. Ɗa na kowa ne.

Allah Ya yi mana jagora.