Mafi Ƙarancin Albashi a Togo da Benin



An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan mafi ƙarancin albashi, watau kuɗin da doka ta hana a biya ma'aikaci ƙasa da shi a wata. Na zaɓi Togo da Jamhuriyar Benin domin maƙwabtan juna ne, duka ƙanana ne, kuma kuɗinsu ɗaya ne, sefa. Saboda haka ba sai mun sha wahalar lissafin canji ba.

A watan Janairu na 2023 Benin ta kai nata sefa 52,000, Togo kuwa 52,500. Wanda ya tsaya a nan zai ce ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. To, amma bari mu koma baya.

Tun daga 1990 mafi ƙarancin albashi a Togo yake sefa 13,757, kuma bai motsa ba sai a 2008. Shekara 18 ke nan! A cikin waɗannan shekaru ne aka yi doguwar rigimar siyasa ta zamanin Janar Eyadema, ma'aikata suka shiga yajin aikin gama gari a ƙarshen 1992 wanda ya ɗauki watanni, Turai kuma ta janye taimakonta a 1993. Sa'an nan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: da sefa 50 ke sayen faran ɗaya na Faransa, sai ya koma 100. Shinkafa da magani da duk abin da jirgin ruwa ke saukewa a Lome suka yi tashin gwauron zabo, albashi kuwa yana nan inda yake.

Ina roƙonku ku yi wannan lissafi tare da ni. Kafin 1994, sefa 13,757 daidai take da faran 275. Da aka ɗaga albashin zuwa 28,000 a 2008, bisa sabon canjin ya zama faran 280. Ashe abin da aka kira ninki biyu, mayar da lebura aka yi inda yake tun 1990, ba a ma sa tsadar da kaya suka yi a can Faransa cikin lissafi ba. Abin da ya rasa a tsakani kuwa babu wanda ya biya shi.

Benin ba aljanna ba ce. A 1989 gwamnatin Kereku ta kasa biyan ma'aikata har watanni, abin da ya kai ga babban taron ƙasa na 1990. Sai dai daga baya ta riƙa ƙari kaɗan-kaɗan: 27,500 a 2003, lokacin da na Togo yake kusan rabin haka, sa'an nan 31,625 a 2009, da 40,000 a 2014. Daga nan ita ma ta yi barci shekara tara. Togo ta kai 35,000 a 2012, ta yi shiru shekara 11. Shi ya sa ƙarin 2023 ya zama kashi 50 cikin 100 a Lome, kashi 30 a Kwatano. A ganina babban ƙarin nan ba alamar karamci ba ne, tsohon bashi ne aka rage.

Wani zai tashi ya ce mini, ina ruwan ɗan acaɓa mai rawayar riga a Kwatano, ko mai talla a kasuwar Dantokpa, da wannan doka? Gaskiyarsa, domin mafi yawan mutanen ƙasashen biyu ba aikin albashi suke yi ba. Amma masinja da maigadi da leburan tashar jiragen ruwa, su kam da ita ake yanka musu haƙƙinsu. Da yawa daga cikinku gobe ku ne za ku zauna a ma'aikatar ƙwadago ko ta kuɗi. In takardar albashi ta zo teburinku, kafin ku dubi adadin, ku nemi shekarar da aka sa mata hannu.