Jawabin Taron Wata: A Daina Kai Aska Kan Jan Tsiron Jarirai

 

Ni dai ba likita ba ne, goro nake sayarwa, amma abin da ya faru a gidana zan faɗa. Jikanyata tana da sati uku wani jan tsiro ya fito mata a goshi, kullum yana ƙara tudu. Da bakina na ce a kira wanzami. Ashe jijiyoyin jini ne suka cure wuri guda. Aska na taɓawa jini ya ɓalle, wurin ya ruɓe, zazzaɓi ya rufe ta. Kwana tara muka yi a ɗakin masu tsananin ciwo, ana ba ta iska ta roba a hanci. Allah Ya tashi kafaɗunta.

To jama'a, yawancin irin wannan tsiro watanni yake yi yana girma, sannan ya tsaya, ya riƙa motsewa da kansa cikin 'yan shekaru. Wanda ya fito kusa da ido, ko hanci, ko baki, ko ya fashe, a gaggauta kai shi asibiti. Tun 2008 likitocin Faransa suka gano maganin zuciya mai suna furofaranolol yana motsar da shi, sha kawai, ba yanka. Amma don Allah kada a saya a kemis a ɗura wa yaro. Yana rage bugun zuciya da sukarin jini, sai likita ya auna.

Iyaye mata, ku ke fara gani, ku yi magana da wuri. Allah Ya raya mana zuri'a.