Jawabin kwamiti a kan tsaron rumfarmu a fuwar ta Yamai

 

Kun san ƙungiyarmu ta samu rumfa guda a fuwar kayan noma da za a yi a Yamai, kwana 6. Kaya sun haɗu: aya, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, da ƴan fatun jar akuya. Abin da munka taru a kansa yau shi ne mutanen da za su tsaya a rumfar. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600. Kowane mutum da munka aika, kuɗin kar, da na ci, da na masauki, daga asusun ƙungiya za su fito, wato daga guminku. Saboda haka mutum 6 kaɗai za su tafi, maza 3, mata 3, kuma ba don yawon buɗe ido ba.

Wasunku sun je Maraɗi a 2015, lokacin bikin 18 ga Disamba da anka kira Maradi Kolliya. Can gida ne, kusan kowa yana jin Hausa. Yamai dabam take. Mai saye zai zo da Zabarmanci, wani da Faransanci. Dole a kowane lokaci a samu wanda ya yi lakol ko ya taɓa zama Yamai a cikin rumfa.

Ga inda kuɗi ke ɓacewa, ku saurara da kyau. Mu da dala muke lissafi, dala guda kuwa tamma 5 ce. In munka ce ɗari, tamma 500 muke nufi. Ma'aikacin biro da ke lissafi da Faransanci, in an fassara mashi ɗari, tamma 100 zai miƙo, kuma bai yi zamba ba. Sai gardama ta tashi, mutane su taru, wanda ya zo da niyyar sayen buhu ya wuce. Don haka kowane kaya za a liƙa mashi takarda da kuɗinsa a lamba, a tamma: 500, 1.000, 2.500. Ba mai ragewa, ba mai ƙarawa, sai da yardar ma'aji. Ko ɗan garinmu ne ya zo, a gaishe shi, a ba shi kujera, amma kuɗin man gyaɗa bai canzawa don zumunta.

Yanzu tsarin lokaci. Daga buɗewa zuwa azahar mutum 2 sun isa, don kasuwa ba ta cika da safe. Daga azahar zuwa la'asar wasu 2 su karɓe su. Bayan la'asar, da an tashi daga aiki rana ta yi sanyi, duka 6 su kasance a wurin har a rufe. Asabar da Lahadi ma haka. Salla da cin abinci bi da bi za a yi. Ran Juma'a, mata su riƙe rumfa har maza su sauko daga masallaci. Wanda ke da dangi a birni ya je gaisuwa a lokacin hutunsa, ya dawo kan lokaci.

Kuɗi hannu guda za su shiga. Ma'aji zai tafi da kaye da jika 20 na canji. Kowane dare a ƙidaya kaya da kuɗi a gaban mutum 2, a rubuta. Kaye na biyu kuma na manyan ƴan kasuwa ne: wanda ya tambayi aya da yawa, a rubuta sunansa da lambar wayarsa da buhu nawa yake so. A ganinmu wannan kayen ya fi cinikin kwana 6 ɗin daraja, tunda ayarmu ba ta ƙarewa da ƙarewar fuwar. Amma kada kowa ya yi alkawarin abin da bai ga a sito ba.

Kuma mai tsaron rumfa ya san amsa: yaushe anka tatsi man ga, wata nawa yake yi bai lalace ba, tiya nawa ke cikin buhu. Matan da sunka tatsa da hannunsu sun fi kowa sanin wannan, shi ya sa munka nace su tafi.

Ran Alhamis bayan la'asar, waɗanda anka zaɓa su zo ƙofar gidan mai gari. Za mu shimfiɗa kaya mu gwada ciniki, malamin lakol zai yi mai saye da Faransanci. Kowa ya zo da katinsa na ɗan ƙasa, don magatakarda ya aika da sunaye.