Jawabi Kan Kai Wa Kamfani Sammaci



Duk mai ƙarar kamfani ya sani cewa sammaci shi ne ginshiƙin shari'arsa. Ana miƙa shi ga darakta, ko sakatare, ko wani babban jami'in kamfanin, ko a kai shi ofishinsa mai rajista a hukumar CAC. A shari'ar Mark da Eke ta 2004, Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba a liƙa wa kamfani sammaci a ƙofa a madadin miƙawa.

Idan kamfanin bai halarta ba, kotu na iya hukunci a bayan idonsa, amma sai ta ga takardar rantsuwar masinjan kotu. In sammacin bai isa ba, za a rushe hukuncin, kuɗi da shekaru su salwanta.

Allah Ya kare mana haƙƙinmu.