An Riga An Biya

Bara mamata ta kwanta asibiti, kuɗin magani ya fi ƙarfina. Na ciwo bashi a Sabon Gari, na je biya, sai matar ta ce, "Ɗana, ai wani ya riga ya biya." Kun san me na yi? Gardama na tsaya yi, wai sai na ba da rabi!

Haka muke yi wa Yesu fa. Ibraniyawa sura 10 ta nuna hadayarsa sau ɗaya ce tak, kuma ta isa. Amma da mun faɗi cikin zunubi sai mu guji sujada, wai sai mun gyaru tukuna. Ni wata uku na yi ban taka coci ba, kunya kawai.

Bashin nan kuwa, ran nan na mayar wa mai shi.