Gawo a Gona, Kwano a Gari: Zafin Bazara a Matameye

 

Mutumin Damagaram ba a ba shi labarin bazara, a cikinta aka haife shi. Amma bazarar yanzu ta fi wadda iyayenmu suka sha, kuma wani kaso na zafinta da hannunmu muka gina shi.

Ranar 3 ga Afrilu 2024, ana cikin azumi, ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali. A Bamako, asibitin Gabriel Touré ya ƙirga mamata 102 cikin kwana huɗun farko na watan, fiye da rabinsu sun haura shekara 60. Masanan ƙungiyar World Weather Attribution sun bi diddigi, suka ce hayaƙin man fetur, gas da kwal da duniya ke ƙonawa ya ƙara wa wannan zafi kimanin digiri 1.5 da rana, 2 da dare, a Mali da Burkina Faso. Ku riƙe maganar daren nan. Da dare jiki ke hucewa. In dare ya ƙi sanyi, tsoho da jariri da mai ciwon zuciya su ke fara jigata.

To, me ke hana daren gari sanyi? Duk wanda ke da ɗakin bulo da kwano, ya dafa bangonsa bayan sallar isha'i. Zai ji shi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Siminti da kwalta suna shan rana tun hantsi, sai dare su amayar da ita a kan mai barci, shi ya sa kowa ke jan tabarma zuwa tsakar gida. Soron kakanninmu kuwa, mai kaurin laka da rufin azara, ka shige shi da azahar, ga randa a lungu tana gumi, ka sha ruwa kamar daga ƙasan rijiya. Mun bar wannan don kada a ce mana 'yan ƙauye.

Abin mamaki, maganin yana bayan garinmu. Tun shekarun 1980, bayan fari ya ci itatuwa, manoman Maradi da Damagaram suka kama sassaben zamani: a bar tohon da ya fito a gona, a rage masa rassa, a kare shi. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, kuma Matameye, Magariya da Mirriya na cikin wuraren da ake zuwa gani daga ƙasashen waje. Ga gawo da halinsa: da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi lif ya ba dabba da makiyayi inuwa. Akuyarmu tana da inuwa a gona, ɗanmu kuma yana karatu ƙarƙashin kwano tsirara.

Don haka ina roƙon ma'aikatar magajin gari: duk filin da za a yanka, a fitar da wurin itace kafin a kafa harsashi. Magina, ku ɗaga rufi, ku sa silin, ku buɗe tagogi masu fuskantar juna. Shugabannin lakkal da limamai, a dasa bedi a harabar makaranta da masallaci, a ɗora wa wani alhakin ban ruwansa. Iyaye mata, ku riƙa kai wa tsofaffi ruwa ko ba su nema ba. Wanda kuka ga jikinsa ya yi zafi, gumi ya ɗauke, magana ta rikice, ku kai shi inuwa, ku jiƙa shi, ku garzaya likita.

Da damina ake dasa inuwar bazara. Kowane gida ya nemi dashensa kafin ruwan fari ya sauka. Allah ya ba mu damina mai albarka.